Sunan da Ke Kan Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar Laraba da hantsi Illa yana zaune a rumfarsa ta Kasuwar Dole a Damagaram yana ɗinke bakin wani matashin fata, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa Kaltuma ce. Ko sallama ba ta yi ba.

"Malam, sun tafi da Zuliha."

"Su wa?"

"Polis. Daga wurin aiki suka ɗauke ta. Yanzu maigidan aikinta ya kira."

Basilla ta shige masa a yatsa, bai ji ba sai da ya ga jini yana ɗiga a kan fatar. Ya miƙe ya bar rumfa a buɗe, ya tsayar da ɗan kabukabu, mai babur ɗin haya. Da aka tambaye shi ina za a kai shi, sai bakinsa ya ƙi furta kalmar. Da ƙyar ya ce, "Komisariya."

Illa baduku ne, shekararsa hamsin da biyu, kuma tun da aka haife shi a Birni bai taɓa taka ƙofar komisariya, ofishin polis, ba. In hanya ta bi da shi ta gabanta, tsallaka titi yake yi. A lakwal, makarantar boko, aji shida ya tsaya. Zuliha ce 'yarsa ta uku, ita ce ta kai jami'a, ta karanci ordinatar, wato kwamfuta, ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani a Sabon Gari. Sau ɗaya ya taɓa shiga wurin. Ta nuna masa wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, da injuna baƙaƙe suna ta ƙifta 'yan fitilu.

"Gidan haya ne, Baba," in ji ta a ranar. "Inji ɗaya, amma mun yanka shi ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki serber ne mai zaman kansa. Mai farmasi ya kama ɗaya, lakwal ta kama ɗaya. Kowa da katangarsa, ba mai leƙa na wani. Kuma kowane ɗaki da lambar ƙofarsa, da ita duk duniya ke gane shi a kan rezo, wato intanet. Lambobin nan ɗari biyu da hamsin da shida muke da su, ni ke rabon su, ni ke rubuta wanda aka ba."

Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a rumfar Illa sai ya ji cewa 'yarsa ce mai rabon lambobin Damagaram.

A bakin komisariya ya tarar da Abdul'aziz, mai kamfanin, tsaye ƙarƙashin dogon yaro, rigarsa ta jiƙe da zufa.

"Baba, sannu. Ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa ta."

"Me ta yi?"

"Wani ne ya buɗe shafin ƙarya a ɗaya daga cikin serber ɗinmu. Ya sa tambari kamar na gwamnati, ya ce ana ɗaukar aiki, kowa ya turo hoton kartidante, katinsa na ɗan ƙasa, gaba da baya. Mutum sama da dubu suka tura. Da katunan nan aka riƙa buɗe layukan waya, kuma wasu layukan an same su a hannun mutanen daji, masu bindigar nan."

Illa ya dafa jikin bishiyar. Mutanen daji. A kwanakin nan ko a hira ba a faɗin wannan da ƙarfi.

"To ina ruwan Zuliha?"

"Masu bincike lamba suke bi. Sun bi ta tun daga Yamai har ta kawo su ƙofarmu. Muka buɗe rajista a gabansu don mu nuna musu mai serber ɗin." Abdul'aziz ya sunkuyar da kai. "Sai ga sunanta. Zuliha Illa. Da hoton katinta."

"Ƙarya ne!"

"Na gani da idona, Baba. Lamba arba'in da bakwai. Tun watan Mayu."

Watan Mayu. Illa ya tuna wani abu, ya danne shi.

Sai bayan la'asar aka kira su. Komiser, shugaban wurin, mutum ne siriri mai gilashi, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi tsorata Illa.

"Kai ne uban?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"'Yarka ta ce ba ita ke riƙe da serber ɗin ba. Ta ce wani ne ya zo ba kati, ta sa nata kafin ya kawo nasa. Na tambaye ta wane ne shi, wa ya kawo shi, ta ce kuskurenta ne. Sau huɗu na tambaya, amsar ke nan. Ni takarda nake bi, Malam, kuma takarda sunanta ta faɗa. Jibi Juma'a da safe awa arba'in da takwas ta cika. In ban ga wannan mutumin a gabana ba, zan miƙa ta parke, wurin mai gabatar da ƙara. Daga can gidan kaso ne har a gama bincike. Irin wannan bincike yana cin wata shida, yana cin shekara." Ya cire gilashin ya dube shi. "Ko ka san wani abu?"

Illa ya dubi ankwar da ke rataye a jikin ƙusa bayan kujerar komiser. Ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Aka ba shi minti biyu ya gan ta. Tana zaune a kan benci a wani ɗaki, da gyalenta na safe, ba takalmi a ƙafarta. Sawayen ya fara kallo. Shi da ya yi shekara talatin yana ɗinka wa mutane takalma.

"Baba," ta ce a hankali, don polis na tsaye a ƙofa. "Ban faɗi sunanka ba. Ka ce wa Inna ta daina kuka."

Polis ya ce lokaci ya yi.

Abin da ya faru a watan Mayu ba mai tsawo ba ne. Illa yana da amini a garin Mirriya, Nomau, manomi. Tare suka yi karatun allo, kuma a shekarar da abinci ya yi wuya Nomau ne ya riƙa turo masa hatsi a jaki ba tare da an roƙe shi ba. Ɗan farin Nomau shi ne Mahamud, magidanci ne mai shekara talatin, yana da shagon fotokwafi kusa da kasuwar Mirriya. Da yake ɗan fari ne, uban yana kunyarsa kamar yadda aka gada: ba ya kiran sunansa, ba ya zama su yi magana ido da ido. Duk wata hidimarsa Illa ke tsayawa, har neman aurensa shi ya je. Saboda haka da Mahamud ya so buɗe shafin sayar da tukwanen Mirriya, rumfar Illa ya zo, Illa kuma ya kama hannunsa har wurin Zuliha.

Ta karɓe su da fara'a. Ta tambaye shi girman ɗakin da yake so, ta yanka masa, ta zaɓo lamba. Sannan ta ce, "Yaya Mahamud, kawo katinka in ɗauki hoto. Injin ba ya sakin lamba sai an cika wurin suna da kati."

Mahamud ya laluba aljihu ya ce ya baro shi a gida.

"To sai ka kawo, in buɗe maka."

Nan ran Illa ya ɓaci. A gaban abokan aikinta ya ce, "Ke Zuliha! Ɗan Nomau za ki tambayi takarda? Ni na kawo shi da ƙafata. Fuskata ba ta isa kati ba? Ku 'yan lakwal, sai ku mai da ɗan'uwa baƙo."

Ta juya ga ordinatar, ta yi 'yan danne-danne, ta ce an gama. Illa ya fita yana jin daɗi, ya zaci yaran zamani ne ya koya wa ladabi. Sau biyu bayan nan ta ce masa a gida, "Baba, ka tuna wa Yaya Mahamud katin nan." Karo na biyu ya ce mata kar ta sake ba shi kunya. Ba ta sake ba.

Da magariba ya gaya wa Kaltuma duka, a tsaye a tsakar gida. Ta saurare shi har ya gama.

"Kuma komiser ya tambaye ka?"

"Ya tambaya."

"Ka ce me?"

"Na ce ban sani ba."

"Yarinya ta rufa maka asiri, kai kuma ka bar ta a ciki." Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki kwanon tuwon da za a kai wa Zuliha ta ɗaure shi da ƙyalle. "Shekara ashirin da takwas ban taɓa aiken ka ba, Malam. Gobe ka tafi Mirriya. In ba ka zo da shi ba, ni zan je in faɗa, da sunanka da nasa da na ubansa."

Ya kira wayar Mahamud sau bakwai. A kashe take.

Hiyas ta farko, ƙaramar bas mai zuwa Mirriya, ya shiga da safe. Lokacin kaka ne, gefen hanya duk dammunan gero a jere, fasinja suna ta barkwanci kan wanda gonarsa ta fi. Illa bai ji ko ɗaya ba. A shingen jandarma da aka karɓi katunan fasinja, nasa ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Ya tabbata sunansa na cikin wata takarda. Jandarma ya duba, ya miƙo masa, ya ce direba ya wuce.

Ya tarar da Nomau a ƙofar gida yana gyaran bakin rumbu, laka har gwiwar hannu.

"Kai! Baduku da sassafe? Tun daga kwana na jiyo warin jima, na ce ko akuya ce ta mutu."

"Manomi, ka ga laka ta fi dacewa da kai."

Muryarsa ba ta fito daidai ba, amma Nomau bai lura ba. Ya ja shi zaure, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Zuliha, Illa ya ce, "Tana nan." Aka kawo fura. Ya ji kukan kaza a cikin gida, ya san yanka ta ake yi dominsa. Baƙo irinsa ba ya sauke maganar da ta kawo shi kafin ya ci abincin gida, balle irin wannan magana. Ya zauna yana kallon inuwar ƙofa tana ja da baya a kan ƙasa, yana lissafin abin da ya rage zuwa safiyar Juma'a.

"Ina ɗana?" ya tambaya, kamar hira.

"Wancan? Kwana uku ke nan bai buɗe shago ba, wai zazzaɓi. Yana can gidan surukansa tun jiya. Ka san shi, kai ka lalata shi."

Illa ya yi lissafi. Kwana uku. Ashe Mahamud ya san wani abu.

"A kira mini shi. Ina son ganinsa."

"Ci kaza tukuna."

Ya ci. Kowace loma sai da ya tura ta da ruwa. Nomau yana ta ba shi labarin wani maƙwabci da ya sayi jaki makaho, yana dariya yana dukan cinyarsa. Aka yi azahar. Sai bayan an idar Mahamud ya yi sallama a bakin zaure. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Da ya ga Illa sai ya tsaya cak, sannan ya durƙusa nesa.

Nomau ya miƙe zai ba su wuri kamar yadda ya saba.

"Zauna, Nomau."

"A'a, ku yi maganarku ta ɗa da uba."

"Don Allah zauna. Yau sai kana nan."

Nomau ya dube shi, dariyar ta bar fuskarsa. Ya koma ya zauna, ya juya gefe yana fuskantar bango.

Illa ya faɗa. Bai iya jera maganar ba, ya fara daga tsakiya, ya koma farko, amma ya faɗi duka: lambar, shafin, katunan mutane, layukan da aka samu a daji, Zuliha a kan benci ba takalmi, da safiyar gobe.

Can Mahamud ya ce, "Wallahi Baba ba ni ba ne."

"To wane ne?"

"Shafin tukwanen bai yi ciniki ba. Wata biyu ko tukunya ɗaya ban sayar ba. Sai Yaya Idirisu, wan matata, ya zo da wani abokinsa, ya ce yana neman wurin da zai ajiye shafinsa na ɗan lokaci. Na ba shi kalmar sirri. Daga baya na gwada shiga na ga an canza ta."

"Wane ne abokin? Ɗan ina ne?"

"Alhaji kawai na ji ana ce masa."

"Ba ka ga katinsa ba? Ko lambar motarsa?"

Mahamud ya ɗago kai. "Baba, wan matata ne ya kawo shi da ƙafarsa. Ta yaya zan tambaye shi takarda?"

Illa ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ranar Litinin Yaya Idirisu ya ce in kashe waya in yi shiru, abin zai wuce," in ji Mahamud. "Ban san sunan Zuliha ne a kai ba. Wallahi ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Tashi mu je ka faɗa wa komiser abin da ka faɗa mini."

"Za su riƙe ni, Baba."

"Za su riƙe ka."

"Matata wata takwas gare ta."

Illa ne ya nemo masa matar. Ya dubi bayan Nomau, bayan bai motsa ba.

Mahamud ya miƙe a hankali. "Bari in shiga in sauya riga."

Ya nufi ƙofar cikin gida. Illa ya san gidan kamar nasa: bayan ɗakin girki akwai ƙaramar ƙofa mai fita lambu, bayan lambu kuma gonaki ne har garin Dogo. Ya so ya yi magana, ya tuna a gidan wa yake, kuma kazar wa ya ci. Yana kallo ɗan amininsa ya sa ƙafa ɗaya a waje.

"Mahamud."

Nomau ne. Bai juyo ba, bango yake kallo, amma muryarsa ta cika zauren. A cikin gida wata mata da ke daka ta tsayar da taɓarya. Shekara talatin ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa.

Mahamud ya tsaya kamar an kafe shi.

"Rigar da ke jikinka ta isa," in ji Nomau. Sai a sannan ya juyo ya dubi ɗansa a ido. "Zo nan."

Ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya kama gefen rigar Mahamud ya naɗe a hannunsa. Ko lakar da ta bushe a gwiwar hannunsa bai wanke ba. Bai dubi Illa ba.

A cikin hiyas su uku suka zauna a kujerar baya, Mahamud a tsakiya. Suka yi ta tafiya har duwatsun Damagaram suka bayyana. Illa ya kira Abdul'aziz ya ce ga su nan tafe.

Da suka isa aka ce komiser ya fita, ba a san lokacin dawowarsa ba. Suka zauna a bencin waje. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai Illa ya miƙe. Ya riƙa tunanin ko an sauya shawara an kai ta parke tun yau. Ya tambayi polis ɗin ƙofa, polis ɗin ya ce masa ya je ya zauna. Mahamud yana ta kallon titi, hannun Nomau kuma bai saki rigar ba. Abdul'aziz ya iso da takardu a cikin leda.

"Na kwana biyu ina tono wannan," ya ce wa Illa. "Duk wanda ya shiga serber yana barin sawu, daga wace lamba ya zo, a wane lokaci. Har watan Yuli daga Mirriya ake shiga. Daga nan aka canza kalmar sirri, shigar ta koma daga wasu wurare. Ko sau ɗaya ba a shiga daga ordinatar Zuliha ba. Amma sawu ba ya magana, sai da mutum." Ya goge fuska. "Mu ma an toshe lambobinmu duka a waje. Saƙon farmasi ba ya fita, na lakwal ba ya fita. Tun jiya ake zagina."

"Laifina ne, Abdul'aziz."

"Ka bari sai mun shiga, Baba."

Gab da magariba komiser ya dawo. Ya dube su huɗu a tsaye a gaban teburinsa, ya ce, "Wane ne zai fara?"

Ankwar tana nan a jikin ƙusarta. Illa ya kawar da kai daga gare ta.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Jiya ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Ni na kai Mahamud ɗin nan wurin 'yata. Ta nemi katinsa, na hana ta, na kunyata ta a gaban mutane. Ta tuna mini sau biyu, na tsawata mata. Ba ta sa sunanta don cuta ba. Ta sa ne don kar ta musa wa ubanta."

Komiser ya dube shi. "Ka san ƙaryar jiya kaɗai ta isa in ajiye ka?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro."

Komiser ya jawo takarda. Aka rubuta bayanin Illa, aka karanta masa, ya sa hannu. Aka rubuta na Mahamud, da sunan Idirisu da unguwarsu. Komiser ya bi takardun Abdul'aziz layi-layi da bakin alƙalami, yana tambaya, ana ba shi amsa da Faransanci. Sannan ya ɗaga waya ya yi magana da wani a Mirriya. Ya ce a shiga da Mahamud. Sai da polis ya taɓa hannun Nomau kafin ya saki rigar.

"Yarinyar za ta tafi gida," in ji komiser. "Ba wai ta fita ba ne. Ta cika rajista da sunan da ba na mai abu ba, wannan alƙali zai duba. Duk Litinin ta zo ta sa hannu, kuma kar ta bar gari. Kai ma Malam, katinka zai zauna a nan."

Illa ya ciro katin ya ajiye da hannu biyu.

Aka fito da ita, takalmanta a hannu. Ta tsuguna ta sa su, sannan ta gaishe da Nomau kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Ya amsa a hankali, ya ce, "Sannu 'yata." Ya fita.

A waje Abdul'aziz ya ce mata ta huta mako guda, bayan haka za su zauna su yi magana. Bai ce ta dawo aiki ba, bai ce kar ta dawo ba. Ta ce to. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Illa ya tsaya kusa da ita, ya rasa ta inda zai fara.

"Zuliha..."

"Baba, Inna na jira."

Ya tsayar mata da ɗan kabukabu. Ta hau, ta gyara gyale, ta dube shi. "Ba ka zuwa?"

Ya waiwaya. Nomau ya koma kan bencin, shi kaɗai, hularsa a kan gwiwa, yana kallon ƙofar da aka shiga da ɗansa. Motar Mirriya ta ƙarshe ta kusa tashi, kuma ba alamar zai nemi tasha.

"Je ki. Ki ce wa Innarki ta ƙara tuwo, ta aiko nan. Na mutum biyu, da na wanda ke ciki."

Ya tsaya har babur ɗin ya sha kwana. Sannan ya taka zuwa bencin. Nomau yana zaune a tsakiya, bai ɗago ba, bai matsa ba. Illa ya zauna a ɗan bakin da ya rage, rabin jikinsa a waje. Aka kira salla a masallacin da ke tsallaken titi. Ba wanda ya fara tashi a cikinsu.